Mutumin da Ya Roƙi Rediyo Ta Yi Shiru

Baƙi da yawa sun zauna a kujerar nan da kuke gani, na manta fuskokinsu, amma har gobe ba zan manta da yammacin da wani mutum ya bugo waya ya roƙe ni in rufe bakina alhali ina kan iska ba. Ku da kuka zo koyon aiki wurinmu, jiya ɗayanku ya tambaye ni abin da ya sa ba na katse mai kira idan ya tsaya cak a tsakiyar maganarsa. Ga dalilin.

A lokacin ban daɗe da fara aiki a wannan ƙaramin gidan rediyon al'umma na yankin Dungas ba. Ba mu da yawa. Akwai Direkta, Malam Isufu, wanda shi hukuma ke kira idan wata kalma mara kyau ta fita daga eriyarmu. Akwai Lawali, tekinisiye, mai zama bayan gilashi a gaban na'urar sauti; shi ke buɗe mini mikoro, shi ke shigo da masu kira, shi ke sako kiɗa. Sai mu masu gabatarwa. Dokoki biyu aka fara koya mini. Ta farko, duk wanda ya kira sai ya faɗi sunansa da garinsu kafin ya ce komai. Ta biyu, ba a barin “blan”, wato a bar iska babu magana babu kiɗa. Mai sauraro idan ya ji shiru zai ɗauka batirinsa ya mutu ko tashar ta lalace, sai ya murɗa ya koma tashoshin ƙetaren iyaka, kuma ba lalle ya dawo ba. Malam Isufu ya fi yafe wa mai tari a mikoro a kan wanda ya bar blan.

Shirina na gaishe-gaishe ne, irin wanda saurayi zai kira ya gai da “wadda ta san kanta” a Dogo-Dogo. Ya dace da ni. Duk zuwan da zan yi kasuwar Magariya sai na dawo da littattafan soyayya a ƙasan jakata, ina karanta su a ƙarƙashin tebur idan Lawali ya sako doguwar waƙa. Shi ya sa yake ce mini Tanti Soyayya, ko da yake sunana Balkisa. Sai abokin aikinmu mai shirin kimiyya ya samu wani aiki a Damagaram ya tafi. Direkta ya ɗora mini shirin, ya haɗa ni da Mushe Sani, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan, malamin kimiyya a kwalejin gari, wanda ke zuwa kowane mako bayan la'asar, ranar jajibirin kasuwa.

Da bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Ran nan magana ta faɗo kan sauran duniyoyin da ke zagaya ranarmu, da ko akwai masu hankali a cikinsu kamar mu. Mushe Sani ba mai ƙarin gishiri ba ne. Ya ce an aika na'urori duniyar Mars, sun yi yawo sun tona ƙasa, ba su ga gida ba, ba su ga sawu ba. Ya ce Zara da muke gani tana ƙyalli, zafinta ya isa ya narkar da dalma. Ya ce babu shaida ko ɗaya cewa akwai mai hankali a maƙwabtanmu, kuma yawancin masana ba sa tsammani. Amma ya ƙara da wani abu. A cikin watannin da ke zagaya Jupiter akwai wanda ƙanƙara ta lulluɓe shi ruf, kuma masana na kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙarar, cikin duhu, inda ba wanda ya taɓa leƙawa. Ko da akwai rai a ciki, in ji shi, wataƙila irin ƙananan halittun nan ne da ido ba ya gani.

Muka buɗe layi. Wani ya kira ya ce ai aljanu ne, a daina wahalar da kai. Wata mata ta ce idan suna noma gero a tambaye su ko damina na yi musu adalci, ta koma can. Muna cikin dariya Lawali ya shigo da kira na gaba.

“Salamu alaikum, ƴar rediyo.”

Murya ce mai kauri, a hankali, da wani numfashi a bayanta kamar na wanda zuciyarsa ta cika. Na amsa, na nemi sunansa da garinsu.

“Mai sauraro ne daga gabas,” ya ce, ya wuce kai tsaye. “Mushe, ruwan nan da ke ƙarƙashi, gaba nawa ne kafin a tarar da shi?”

Mushe Sani ya yi murmushi ya ce ba da gaba ake auna shi ba, kilomita ne masu yawa.

“An kira su?”

“An sha aika saƙo sama, i.”

“Da aka kira, an yi shiru?”

Mushe ya dube ni, na dube shi. Mutumin ya ja numfashi ya ce, “Ƴar rediyo, alfarma nake roƙo. Ki yi musu sallama da dogon ƙarfen nan naku, sannan kowa ya yi shiru. Kaɗan kawai.”

Na matsa kusa da mikoro na ce, “Salamu alaikum, idan akwai mai jin mu.” Na ɗaga wa Lawali hannu kada ya sako kiɗa. Idanunsa suka fito, yana nuna mini agogo yana cizon leɓe. Shirun bai wuce tsawon shan kofin ruwa ba, amma a ɗakin nan ya yi mini kamar wuni. Sai muryar ta ce, “Na gode,” layin ya katse.

Direkta yana Damagaram wajen wani taro, bai ji ba. Mako na gaba mutumin ya sake kira, ya sake yin tambaya ɗaya kan ruwan, ya sake roƙon shirun, na sake ba shi. Haka wanda ya biyo baya.

A raina na riga na gama labarin. Na ba shi fuska, na ba shi farar shadda, na tsayar da shi a kan tudu shi kaɗai yana kallon yamma. Na ce wannan ba Jupiter yake nema ba, kunya ce ta hana shi faɗin abin da ke ransa, shi ya sa yake neman mu yi shiru tare, ni da shi, a gaban duk duniya. Numfashin nan ma na fassara shi. Ranar shirin har turare nake sawa, kamar mikoro na jin ƙanshi.

“Tanti Soyayya,” in ji Lawali, “saurayinki na can duniyar ƙanƙara zai sa a kore mu.”

Da Direkta ya dawo ya saurari abin da aka naɗa, kamar yadda ya saba yi wa kowane shiri. Da safe ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, wanda hakan ya fi ba ni tsoro.

“Balkisa, wane ne wannan?”

“Mai sauraro ne, Direkta.”

“Sunansa?”

Na yi shiru.

“Kin ga kin iya blan,” ya ce. Ya juya mini fuskar wayarsa. “Dubi lambar. Ba ta ƙasar nan ba ce, pus ɗin ƙetare ne, layin wayar can. Ba ya faɗin suna, ba ya faɗin gari. Yana haki kamar wanda aka biyo. Ba ya kira sai jajibirin kasuwa. Kuma ba gaisuwa yake so ba, ba waƙa ba, so yake tasha ta ɗauke a daidai lokacin da ya zaɓa. Kin san abin da ke ratsa daji da yammacin jajibirin kasuwa?”

Na sani, kowa ya sani. Baburan ƴan ruwa-ruwa, masu shigo da esansi, wato man fetur, ta ɓarauniyar hanya, jarkoki ɗaure har bisa kan mai tuƙi.

“Wani ya gaya mini makon jiya, muna yin shirun nan, ba a jima ba suka keto ta gabas a jere. Yau esansi ne. Gobe wa ya san abin da ke cikin jarkar? A taron da na je, abin da aka fi ja mana kunne a kai ke nan: ku san masu kiranku, kada a mayar da eriyarku abin ba da alama.”

Na ce wataƙila mutum ne kawai mai son sani.

“Mai son sani yana da suna.” Ya kife wayar a kan tebur. “Kafin shiri mai zuwa ki kawo mini ko wane ne shi da abin da yake nufi. In ba haka ba, da hannuna zan kai lambar nan jandarmeri, su neme shi.”

Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku san nauyin wannan ba. Mutumin ƙauye idan motar jandarma ta tsaya a ƙofar gidansa aka tafi da shi a gaban iyalinsa, ko washegari aka sako shi aka ce ba shi da laifi, maganar ba ta barin sa. Za a riƙa nuna gidan da baki. Wannan ne abin da ke jiran mai kira daga gabas, kuma ni kaɗai ce tsakaninsa da shi.

Na koma na saurari muryarsa da sabon kunne. A littattafan da nake karantawa ai ba masoyi kaɗai ke da murya mai daɗi ba, mayaudari ma da ita yake shigowa. Numfashin da na ɗauka na so ne, yanzu sai na ji shi kamar na mai gudu. “Kaɗan kawai” ɗin nan sai ta koma mini kamar umarni. Na ji kunya, na ji haushi, na ce ashe ni aka zaɓa saboda an san kaina na cikin gajimare. Duk da haka wani ɓangare na zuciyata ya ƙi sakin farar shaddar.

Na yi ta kiran lambar, kullum a kashe. Sai ana gab da ranar shiri ta shiga. Na ce masa ni ce, kuma dole in gan shi ido da ido. Sai ya ce:

“Ki bi hanyar Dogo-Dogo, ki yanke gabas wajen manyan gawo, za ki ga sabuwar ƙasa a tare. Ki zo da hantsi. Kada ki zo da mota. Kada ki zo da taro. In kin iso, kada ki ambaci rediyo a gaban mutane.”

Da na maimaita wa Lawali sai ya riƙe haɓa. “Tanti Soyayya, wannan ko ɗaurin aure ko jana'iza. Zan kai ki a babur ɗina, amma in na ga bakin bindiga, ban taɓa ganin ki ba.”

A hanya muka tsaya shan mai wajen wani mai sayar da esansi a kwalabe. Lawali, wai shi mai dabara, ya tambaye shi ko masu kawo musu kaya suna sauraron rediyo a daji.

“Rediyo?” Mutumin ya tsaya da kwalbar a hannu. “Wa zai tsaya jiran rediyo, kowa da wayarsa a aljihu?” Sai ya ƙare mana kallo, daga takalmin Lawali har jakata. “Ku duwan ne?”

Muka rantse mu ba duwan ba ne, wato ba ƴan kwastan ba. Bai yarda ba. Muna tashi na waiwaya na gan shi ya kara waya a kunne yana bin mu da ido.

Mun bar babbar hanya muna ratsa gonakin da ba komai cikinsu sai kututturen kara, sai ga wani mutum ya fito daga bayan gawo a guje, yana kaɗa hannu, yana jan yatsa a maƙogwaronsa. Lawali ya taka burki har na bugi bayansa. Ya fara juya kan babur.

“Kashe! Kashe injin!” in ji mutumin da raɗa mai ƙarfi. “Ku tura shi da hannu, ku jingine can.”

Muka bi shi da ƙafa. Muna hawa ɗan tudu sai na ga tarin sabuwar ƙasa, fara da ja da mai danshi, da itatuwa a kafe an rataya igiya a tsakaninsu, da zobban siminti a jere a gefe. Rijiya ake haƙa. Maza sun riƙe igiya, mata na tsaye nesa kaɗan da ƙwaryar fura. A bakin ramin wani tsoho gajere ya durƙusa, gemunsa fari, rigarsa ta rine da jar ƙasa. Bai waiwayo ba, ya ɗaga mana tafin hannu alamar mu tsaya inda muke. Hannuna ya shiga jaka da kansa ya danna na'urar ɗaukar murya, saboda sabo da aiki.

Tsohon ya sunkuya ya kira cikin ramin: “Kai, Mamman! Lafiya?”

Muryar ce. Babu shadda, babu saurayi. Ban samu lokacin jin takaici ba, saboda abin da ya biyo baya. Kowa ya daskare. Masu igiya suka daina motsa ƙafa. Wata mata da jaririnta ya fara ƙunƙuni ta yi maza ta ba shi nono. Na lura har jakin da ke kawo musu ruwa can nesa aka ɗaure shi. Ban taɓa jin taron mutane sun yi shiru irin wannan ba, ko a masallaci. Tsohon ya kwantar da kunnensa a bakin ramin, yatsunsa a kan igiya.

Aka jima. Aka ƙara jimawa. Sai daga can ƙasa, siriri kamar daga wata duniya: ƙwas, ƙwas. Ƙarfe a jikin siminti. Igiyar ta girgiza. Mutane suka saki numfashi tare, wani ya ce alhamdu lillahi, aka ci gaba da jan gugan ƙasa kamar ba a yi komai ba.

Ya miƙa wa wani igiyar, ya ja mu gindin gawo inda ba mai jin mu. Na yi masa alkawarin ba zan faɗi sunansa ba, saboda haka Baba zan ce, kamar yadda na kira shi ranar.

Ban ɓoye masa komai ba. Na gaya masa zargin Direkta, na ambaci jandarmeri.

“Jandarma?” Ya dube ni, ya dubi Lawali. “Saboda shiru?”

“Baba, lambarka ta ƙetare ce.”

“Nan rezon wayar can kaɗai ke kamawa, shi ma sai na hau wancan tudun.” Ya nuna wata jigawa mai tsawo. Ya bugi ƙirjinsa, na ji yana kuka kamar tsohon zugazugi. “Wannan kuma ya sha ƙurar rijiyoyi tun kafin a haife ki. In na kai sama sai in yi ta neman numfashi.”

“Me ya sa sai jajibirin kasuwa?” in ji Lawali.

“Yaro, ni na sa muku ranar shirin?”

Lawali ya sosa ƙeya.

“To sunan fa, Baba?” na ce.

Ya waiwaya ya dubi masu igiya. “Wanda ke cikin ramin nan ɗan mutane ne. Ubansa ya yarda ya sauka ne don ni ke riƙe da bakin rijiyar. Ran da aka ji a rediyo cewa ni ne mai neman a gai da mutanen cikin wata, za a ce tsoho ya taɓu. Wa zai ba taɓaɓɓe igiyar ɗansa? Babur ɗinku ma, ba don komai aka tare ku ba. Ƙasar nan rairayi ce, girgiza kaɗan ta ishe ta, kuma in injin na kuka ba na jin na ƙasa.”

Na tambaye shi abin da ya haɗa shi da ruwan Jupiter. Ya ɗauki wani tsinke yana karyawa.

“Da ƙanena muka koyi aikin nan. Wata shekara yana ƙasa, ni na je kaifin dagi a maƙera, rijiya ta rufta. Kafin in dawo gari ya taru. Mata na kururuwa, maza na salati da ƙarfi, kowa na ƙwala masa kira, kowa na tona inda ya ga dama. Masoyansa ne duka, ba mai mugun nufi. Amma babu wanda ya tsaya ya saurara. Sai da na zagi dattawan da suka haife ni kafin aka yi shiru. Da na sa kunne, na ji shi. Yana bugawa. Ba ta inda suke tona ba, ta ɗaya gefen. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake bugawa.” Ya yar da tsinken. “Muka juya can. Kafin mu kai, ya daina.”

Ya ɗauki wani tsinken ya ci gaba.

“Da na ji Mushe ya ce akwai ruwa a ƙarƙashi, cikin duhu, an rufe shi ta sama, sai barci ya ƙaurace mini. Ni ban ce akwai kowa a can ba, ƴata. Ilimin ba nawa ba ne. Amma na ji ya ce an kira, ban ji ya ce an yi shiru ba. Ku kuma kuna da ƙarfe mafi tsawo a ƙasar nan. Na ce in ya iya kai magana, ai zai iya ɗauko ta.”

Lawali ya dube ni. Na so ya bar maganar, amma shi mutumin na'ura ne, ba ya iya barin kuskure a kanta.

“Baba, eriyar nan ba ta ji. Baki ce kawai, ba ta da kunne. Kuma da ƙyar take kai Magariya, balle sama.”

Na ga fuskar tsohon ta faɗi. “Duk makonnin nan?”

“Ko sun amsa, ba ta inda zai shigo.”

Ya sunkuyar da kai. Na rasa abin da zan ba shi, sai na tuna wata magana da Mushe Sani ya yi mini bayan an rufe mikoro. Na ce wa Baba a wasu ƙasashe akwai manyan farantan ƙarfe, wani ya fi filin kasuwa faɗi, an kafa su suna fuskantar sama, aikinsu saurare kawai.

Ya ɗago. “A cikin gari?”

“A'a, can nesa da mutane. Mushe ya ce a wasu wuraren har waya ake hana kunnawa kusa da su.”

“Sun ji wani abu?”

“Har yanzu ba su ji ba.”

“Amma ba su tashi ba?”

“Ba su tashi ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “To, waɗannan sun san aiki.”

Ya yarda shugabanmu ya ji abin da na ɗauka, da sharaɗin kada ya fita a iska. Ya koma bakin ramin tun kafin mu kai ga babur.

Na tarar da Malam Isufu a biro na ba shi labari tun daga mai kwalabe. Bai motsa ba.

“Tsufa ba shaida ba ne,” ya ce. “Kuma duk mai abin ɓoyewa yana da labari mai sa kuka. Ke kuma, Balkisa, an san ki da son labari.”

Ban yi gardama ba. Na ajiye na'urar a gabansa na kunna daga farko. Aka ji kiran: “Kai, Mamman! Lafiya?” Sai shiru. Na ga yatsan Direkta ya fara motsi a kan tebur, yatsan da ya shekara yana yaƙi da blan. Ya kai hannu zai danna.

“Ta lalace ne?”

“Direkta, ka ɗan jira.”

Ya jira, ransa bai so ba. Sai ga shi, can ƙasa: ƙwas, ƙwas.

Ya janye hannunsa. Ya ce in mayar baya, ya sake ji, wannan karon da ido a rufe. Sannan ya saurari sauran har ƙarshe.

“Gaba nawa,” ya ce, kamar da kansa yake magana. “Tun a kiran farko ya tambaya da gaba. Da gaba ake auna zurfin rijiya. A gidanmu kusa da rijiya aka haife ni, amma kunnena yana wajen jarkoki.” Ya ɗauki wayarsa ya dubi lambar, ya mayar aljihu. “Ba zan kai ta ba. Ba kuma zan goge ta ba, don ban ce na yarda da kowa ba. Blan kuwa ya ƙare daga yau. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

Ranar shiri Direkta ya shigo ɗakin na'ura ya tsaya bayan Lawali, hannu a ƙirji, don ya tabbatar. Can wajen ƙarshe Baba ya kira. Ban tambayi sunansa ba, Direkta kuma bai ce uffan ba.

“Ƴar rediyo, yau ba roƙo na zo yi ba. An gaya mini ƙarfen ba ya ji, ba sai kun ƙara wahala ba. Saƙo ne gare ni. Mushe, in kana da hanyar masu manyan farantan nan, ka ce musu kada su gaji. Wanda ke ƙasa ba ya amsawa da wuri. Sai ya…”

Numfashinsa ya sarƙe. Tudun ne da ƙirjin. Layin ya yi tsit, iska ta zauna babu komai. Ta gilashi na ga hannun Lawali ya tafi kan maɓallin kiɗa kamar yadda aka koya masa, na kuma ga Malam Isufu ya kama wuyan hannun ya riƙe. Muka jira, mu da duk wanda ya kunna rediyo daga nan har bakin iyaka.

“Sai ya tara ƙarfi tukuna,” in ji Baba. Ya yi sallama.

Bai sake kira ba. An ce rijiyar ta ba da ruwa kafin damina, shi kuma ya wuce wani gari da igiyarsa, ba wanda ya taɓa tsayar da mota a ƙofar gidansa. Daga Jupiter ba a amsa ba. Mushe Sani har yau yana cewa babu shaida, kuma gaskiyarsa ce. Littattafaina ma ban daina karantawa ba, sai dai na daina ɗinka wa murya riga kafin in ga mai ita.

A ɗaki ɗaya, numfashi ɗaya muka ji, ni na ji masoyi, Direkta ya ji ɗan fasa-ƙwauri, alhali tsoho ne ya hau tudu. Aikinmu na masu magana ne, kuma mai yawan magana yana saurin cike wa mutum abin da bai faɗa ba. Dokar blan tana nan, duk wanda ya karya ta da sakaci zai gamu da ni. Amma idan mai kira ya tsaya a tsakiyar maganarsa, ku ɗauke hannu daga maɓalli, ku sa kunne. Ba ku san zurfin inda yake bugowa ba.